Sueno da Tsohuwar Bishiyar Kageyachi

Da aka kawo ni aure Kageyachi, wadda ta fara shigo mini ita ce Sueno Kurahashi. Ta turo ƙofar ɗakin girki da ƙafa, tana riƙe da kwanon dafaffiyar kabewa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce 'yar bakin tekun? To nan ba kifi, daga dutse sai sanyi. Karɓi ki ci."

Tun daga ranar nake ce mata Yaya, ita kuma tana ce mini Mitsu-chan, kamar yadda ake kiran ƙaramar yarinya, har na yi furfura ba ta canja ba.

Gidanta ne na ƙarshe kafin ɗakin bauta, namu na biye da shi. Tsakanin gidanta da ɗakin bautar kuwa sai Tsohuwa. Haka muke kiran ƙatuwar bishiyar nan, irin wadda ake ce wa sugi, ba mai ce mata bishiya. Sai maza bakwai ko takwas sun riƙe hannun juna kafin su zagaye gindinta, kuma in kana so ka ga ƙarshenta sai ka dafe hularka. Duk kaka, bayan an yanke shinkafa, maza kan tufka igiya mai kauri da karan shinkafar su ɗaura mata a ƙugu.

A wannan gidan aka haifi Sueno, ita ce auta. Yayyenta duk sun yi birni, saboda haka mijinta Tatsuji ne ya tare a gidansu. Saran katako yake yi a kan tsauni, har ranar da gungume ya kuɓuce ya bi ta kansa. Ya bar ta da ɗa ɗaya, Masanobu, yana makarantar sakandare. Ban ga ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai dai da sassafe nakan hango ta tsaye ta kifa goshi a jikin Tsohuwa, bakinta na motsi.

Bayan haka katako ya daina daraja. Maza suka watse neman aiki, aka rufe makarantar firamare, shi ma Masanobu ya yi Nagoya. Ƙauyen ya koma na tsofaffi da kyanwoyi. A lokacin ne Sueno ta fito da murhun gawayi ƙofar gida. Takan kirɓa shinkafa ta mulmula a jikin faffaɗan tsinke, ta gasa, ta shafa daddawar waken soya da riɗi, ta sayar wa masu hawan tsauni da kan ratso jefi-jefi. Wata rana wani mai ɗaukar hoto ya ɗauke ta tana fifita wuta, hayaƙi na tashi, Tsohuwa ta cika bayanta. Ba a jima ba hoton ya bayyana a tashoshin jirgin ƙasa. Daga nan sai ga motocin safa.

Wanda bai ga Kageyachi a shekarun nan ba ba zai yarda ba. Genzo Hatori, shugaban ƙauyenmu, ya sa aka malale gonar da ke ƙasan ɗakin bauta da siminti don motoci su samu wurin tsayawa. Aka shimfiɗa duwatsu a zagayen gindin don kada baƙi su ɓata takalma. 'Yar ƙoramar da ke bi ta bayan bishiyar aka saka ta cikin bututu. Kowa ya fito da abin sayarwarsa. Itoe, matar Genzo, ta kafa rumfa jikin katangar Sueno tana sayar da busasshiyar kanya da zuma. Baƙi kan yi layi su rungumi Tsohuwa, masu neman haihuwa kuma su ɓare ɗan ɓawo a ɓoye su sa a jaka.

Sueno da Itoe tare suka tashi, kuma wuni suke yi suna tsokanar juna.

"Itoe, kanyar nan taki ta fi fuskarki yamutsewa!"

"Ke dai kula da wutarki, kin ƙona na bawan Allah. Ko hoton kike jira a sake ɗauka?"

Baƙi su yi ta dariya, su sayi na kowa. Sueno kan ce Tsohuwa ce ta tashi ƙauyen daga kabari, mu kuwa mukan ce ita da Tsohuwa ne.

Hankaki ne suka fara barin bishiyar. Da can da yamma ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukansu, sai wata shekara muka lura wurin ya yi tsit. Daga nan ganyen can ƙololuwa ya fara ja, kamar an babbaka shi. Mutane suka ce zafin bana ne. Ƙofar Sueno ta baya, wadda ake turawa da ɗan yatsa, ta fara cijewa sai an sa kafaɗa. Kafinta ya fere ta, bayan 'yan watanni ta sake cijewa.

Wata safiya na fita shanya na gan ta durƙushe a gindin bishiyar, ta ɓangaren tsauni inda baƙi ba sa leƙawa, tana cusa wani abu cikin zanen gabanta. Na matsa. Naman kaza ne, kalar ruwan zuma, cunkus a jikin saiwa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ba kya gani? Naman kaza."

"A jikin Tsohuwa?"

"Ke ma in kin kai shekarunta wani abu zai fito miki." Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. "Kada ki je kina surutu, Mitsu-chan. Baƙi ba sa son ƙazanta, shi ke nan."

Ta kai shi murhu ta zuba cikin garwashi. Warin da ya tashi irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ne. Na gaya wa maigidana, ya ce ai naman kaza ko a gindin turmi yana fitowa. Kullum da safe kafin motar farko ta iso sai ta tsince shi, kullum kuma sai ya dawo.

Ƙarar kuwa ni da kunnena na ji ta. Da rana tsaka, ba iska ko kaɗan, ina tsinke wake a baranda, sai na ji wani nishi mai tsawo daga ƙarƙashin ƙasa, kamar an taka tsohon daɓen katako. Ruwan da ke cikin kwanona ya girgiza. Na leƙa ta katanga, na ga Sueno ta tsaya cak da mafici a hannu. Muka haɗa ido. Ta juya ta ci gaba da fifita.

Da bazara wani reshe ya faɗo a filin motoci, ya lotsa rufin wata ƙaramar mota da ba kowa a ciki. Shi ya sa aka turo mana likitar itatuwa daga babban gari, wata mace mai gajeren gashi, Malama Chizuru Minagawa. Ta wuni tana zagaya bishiyar, tana soka wani siririn ƙarfe a ƙasa, tana bugun gindin da gudumar katako. Ta ɓangaren hanya sautin a cike yake. Da ta zagaya ɓangaren tsauni ta buga, sai muka ji kamar ganga.

Da yamma aka taru a zauren taro. Ta durƙusa a kan tabarma ta yi magana a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce saiwoyin ɓangaren tsauni, waɗanda ke riƙe da bishiyar, sun ruɓe. Siminti da duwatsu da sawun mutane sun hana ƙasa numfashi, ruwan ƙoramar kuma yana tsiyaya daga bututu yana taruwa a ƙarƙashi. Ta ce in za ta faɗi, wajen gidaje za ta faɗi. Ko a sare rabinta na sama, ko a sare ta duka.

"Yaushe za ta faɗi?" in ji Genzo.

"Ban sani ba, Hatori-san. Yana iya zama shekara goma. Yana iya zama gobe."

Nan Sueno ta miƙe. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Malama, kina da kaka?"

"Ta rasu."

"Da tana ciwo, kanta kuka yanke?" Ta juya ga sauran mutane. "Girgizar ƙasa nawa ta gani? Guguwa nawa? Ranar da aka sauko da Tatsuji daga tsauni, wa ya riƙe ni? Ku? Duk wanda zai ɗora mata zarto, sai ya fara ta kaina. Ni ce ke kwana a ƙarƙashinta, kuma ban ce ina tsoro ba."

Zauren ya ɗauki tafi. Dama abin da kowa ke son ji ke nan, an rasa mai faɗa ne kawai. Aka tsaya a kan a ɗaure bishiyar da igiyoyin ƙarfe zuwa jikin tsauni, a kewaye gindin da shinge, a daina runguma. Malama Minagawa ta ce igiyoyin za su taimaka in iska ce, amma ba za su riƙe nauyinta ba. Ta sunkuya ta yi sallama. A bakin ƙofa ta tsaya kusa da Sueno ta ce, "Inna, ko ɗakin kwana ki canja." Sueno ta yi kamar ba ta ji ba.

Masanobu ya zo daga Nagoya ya roƙe ta ta bi shi. Ta gasa masa shinkafa, ta raka shi mota.

A watan Yuli aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Ranar da rana ta fito, da safe, na ji an ƙwala mini kira. Na fita a guje. Sueno na cikin shingen, ƙafarta ɗaya ta nutse cikin ƙasa har cinya, tana riƙe da saiwa. Na kama ta na ja. Ƙafar ta fito ba takalmi, baƙi ƙirin, ramin kuma ya cika da ruwa nan take. Saiwar da ta riƙe, mai kaurin cinyar namiji, ta marmashe a hannunta kamar jiƙaƙƙen burodi.

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Mitsu-chan, ba komai a ƙasa," ta ce. "Ƙafata ba ta taɓa komai ba."

Muna nan tsaye muka ji ƙugin motar farko tana hawowa. Sueno ta wuce ni da ƙafa ɗaya ba takalmi, ta zari tsintsiyar gora, ta tsaya tsakiyar hanya. Motar cike take da dattawan mata. Da suka fara sauka, ta ɗaga tsintsiya.

"Ku koma! Ku koma inda kuka fito! Ba abin gani a nan!"

Jagorar tafiyar, wata budurwa mai 'yar tuta, ta sunkuya tana murmushi. "Inna, ai ke muka zo gani, ke ce ta cikin hoton..."

"Hoton uwarki! Na ce ku shiga mota!"

Matar da ta yi shekara da shekaru tana sunkuya wa baƙi har bayanta ya lanƙwashe, ita ce ta bi su da tsintsiya har cikin mota. Ta dawo ta hamɓare murhunta, garwashi ya watse a hanya.

Ranar Tsohuwa ba ta faɗi ba. Washegari ma ba ta faɗi ba.

Genzo ya zo ya duba ramin, ya sa aka cika shi da tsakuwa. Ya sanar da Malama Minagawa, ta dawo, ta ce a rufe wurin gaba ɗaya. Amma bishiya irin wannan ba a sare ta sai da izini daga sama, izinin kuma ba ya fitowa a kwana ɗaya. Aka sake taro. Wannan karon Sueno ce ta durƙusa ta kifa goshi a tabarma.

"Na yi kuskure. Ku rufe hanya. Ku kwashe rumfuna."

"Yaya Sueno," in ji Genzo, "da bazara kin ce sai an fara ta kanki. Yanzu kin ce za ta kashe mu. Wanne za mu ɗauka?"

"Na yanzu."

"Lokacin da ganyen tsaunuka ke yin ja, baƙi su yi ta zuwa kallo, ya kusa. Duk shekara shi muke jira. A bari ya wuce, da sanyi sai a yi abin da za a yi."

Wani daga baya ya ce, "Tsufa ne ya fara taɓa ta." Ta ji, kowa ma ya ji. Aka faɗaɗa shingen da 'yan taku, aka tashi.

Daga nan ba ta sake hura gawayi ba. Ta yarda ta dawo kwana gidanmu, a ɗakin da ya fi nisa da bishiyar, amma da gari ya waye takan ɗauki kujerarta ta gangara kwanar da motoci ke rage gudu, ta zauna. Duk motar da ta zo sai ta tare ta. Wasu direbobin kan juya, wasu su yi mata ham su wuce. Labari ya bazu cewa akwai mahaukaciyar tsohuwa a Kageyachi, baƙi suka ragu, mutanen gari kuma suka daina gaishe ta. Ranar ɗaura igiya, da maza suka shiga shingen suna waƙa, ta juya musu baya.

Itoe kaɗai ba ta fasa mata ba. Takan aika mata kanya a takarda, ko ta gangaro da kanta.

"Ke mahaukaciya, ci wannan kafin ki cinye wani direban."

"Itoe, ki ɗauke rumfar nan. Ki kawo ta nan kwana, zan taya ki talla."

"In kawo nan, wa zai saya? Waɗanda kika kora?" Ta yi dariya. "Ni matar shugaba ce, in na gudu kowa zai gudu. Ki bari ganye ya zube, sai mu zauna mu yi ta gulma har bazara."

"Ki ji tsoron Allah, Itoe."

"Ke da kika koya mana rashin tsoron?"

Sueno ta juya ta fuskanci hanya.

Abin ya faru a watan Nuwamba, da rana tsaka, sama garau, tsaunuka sun yi jajir. Mota ɗaya ce ta zo ranar, kuma Sueno ta tare ta a kwana tana faɗa da direba. Ni na gangara kai mata abinci. Da farko wani sauti muka ji siriri, kamar an tsinke tsirkiya, igiyar ƙarfe ce ta katse. Sai ta biyu. Muka ɗaga kai. Ƙololuwar Tsohuwa na tafiya a hankali cikin sararin sama, a hankali ƙwarai, har na zaci gajimare ne ke motsi. Ba wanda ya yi ihu. Daga nan ƙasa ta buga mu a tafin ƙafa, na faɗi zaune, gilashin motar ya tsage.

Da ƙura ta lafa, ba gidan Sueno. Ba ƙofar ɗakin bauta, ba rumbunmu, ba rabin filin motoci. Saiwoyin sun miƙe sama sun fi rufin gida tsawo, baƙaƙe, suna ɗigar ruwa.

Sueno ta riga kowa gudu, tana kiran suna ɗaya. Sauran masu rumfa sun tafi cin abinci, tunda ba baƙi. Itoe ce kaɗai ta tsaya tana jera kanya. Sai da aka kawo injin ɗaga kaya daga gari kafin aka fito da ita.

A wurin makoki Sueno ta shiga layi kamar kowa, ta kunna turaren wuta, ta juya ta durƙusa gaban Genzo. Na zaci zai zage ta, ko ya roƙe ta gafara. Ya dube ta da idanun da suka kumbura.

"Mutum nawa ne a motar nan?" ya ce.

"A cike take."

Ya gyaɗa kai. "Itoe ta ce in bar ki ki yi ta haukarki, kina da dalili." Ya goge idonsa. "Da kin yi shiru a taron farko, Yaya."

"Na sani."

"Da ni ma na ji ki a na biyu."

Ban ji sun sake magana da juna ba har abada.

Masanobu ya zo ya tafi da ita. Ba ta da kayan ɗauka, sai tufafin da na ba ta. Na je Nagoya na duba ta sau ɗaya. Tana zaune a bene na sama, kusa da taga, ta rame, hannuwanta sun yi fari tas ba alamar gawayi. Ta tambaye ni kowa da kowa, gida gida, har kyanwar kafinta. Bishiyar ce kaɗai ba ta tambaya ba. Da zan tafi ta riƙe hannun rigata.

"Mitsu-chan, wa ke shanya kanya bana?"

Na ce ba kowa. Ta sake ni. Ta rasu da sanyin shekarar da ta biyo, aka kawo tokar gawarta maƙabartar ƙauye, kusa da Tatsuji.

An yanka gangar jikin Tsohuwa an kwashe, amma an bar saiwoyin yadda suke a miƙe. Ramin da suka bari ya zama tafki, ruwansa baƙi, ba wanda ya san zurfinsa. Motoci sun dawo, har sun fi na da. Baƙi kan tsaya gaban saiwoyin su ɗauki hoto, su jefa kwabbai a ruwan su tafa hannu.

Malama Minagawa ta yanki 'yan rassa ranar da ta zo ganin ɓarnar, ta raine su a gari. Guda ɗaya ya kama. Da bazarar bara aka dawo da shi da kiɗa da addu'a, aka ce ɗiyar Tsohuwa ce ta dawo gida. An nemi wuri mai ƙasa mai kyau, nesa da siminti, aka samu a kan gangaren da ke saman gidanmu, daidai bayan ɗakin kwanana. Har an ɗaura mata 'yar igiya. Bana ta kai kafaɗata.